Abin da Kuɗin Tallafi Ya Saya Mana a Ɗakin Gwajin Kimiyya

Na daɗe ina koyar da kemistiri a wata babbar sakandare ta gwamnati da ke cikin birnin Kano, kuma a tsawon waɗannan shekaru babu makon da yake tayar mini da hankali kamar makon jarrabawar gwaji ta WAEC, wadda malamai da ɗalibai suke kira firaktikal. Hukumar takan aiko wa makaranta da takardar sirri kafin ranar, ta faɗi sinadaran da za a haɗa da ƙarfin kowanne, da kayan da za a ajiye a gaban kowane ɗalibi: biyuret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga asid da shi, mai cin mililita 50, da fifet, wato siririn bututun da ake zuƙo ruwa a auna da shi, mai cin 25, da kwalabe masu siririn wuya, da ɗan ruwan nan da yake sauya launi idan asid ya gama cinye abokin karawarsa. A wannan makon ne kaɗai kuɗi suke fitowa ba tare da doguwar muhawara ba, domin kowa ya san cewa idan ba a sayi kayan ba, sunan makaranta ne zai ɓaci. Sai a share ɗakin, a aro abin da ya rage daga maƙwabciyar makaranta, a kira 'yan garuwa su cika duro, sannan a shigo da yaran da suka shekara uku suna kwafar zanen biyuret daga allo, a ce musu su auna. Iyayenmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kowace shekara ranar tafiyar muke fafe namu.

Wata shekara idona ya faɗa kan wani yaro da yake cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajina, wanda zai iya rubuta lissafin haɗuwar asid da kanwar soda ko da an tashe shi daga barci. Ya sa bakinsa a fifet ya zuƙa da ƙarfi kamar mai shan kunu da tsinke, ruwan ya wuce alama ya shige masa baki. Ba a yi wata ɓarna ba, domin ruwan ba shi da ƙarfi, ya tofar ya kurkure baki ya koma wurinsa, amma hannunsa bai daina rawa ba har aka tashi. Ranar ce ta farko da ya taɓa riƙe fifet a rayuwarsa, kuma ni ne malaminsa. Tun daga ranar na fara bin diddigin inda kuɗin koyar da kimiyya a aikace suke fitowa, da dalilin da ya sa ba sa isowa teburin da yaro yake tsaye.

Abin da na fara ganowa shi ne babbar sakandare marainiya ce a tsarin asusun ilimi na tarayya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta ɗauka. Amma hurumin wannan doka ya tsaya ne a shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare. A ɗaya ɓangaren kuma, asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993, wanda kamfanoni suke zuba wa kaso daga ribarsu, da can yana taɓa kowane mataki na karatu, har aka sauya dokarsa a 2011 ya zama TETFund, ya koma na jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha kaɗai. Shekara ukun da ke tsakani, waɗanda a cikinsu ne ake raba yaro zuwa ajin kimiyya, a ɗora masa fiziks da kemistiri da bayoloji, a kuma jarraba shi a ɗakin gwaji, su ne aka bar wa kasafin jiha da abin da iyaye za su iya tarawa. A 2023 an sa hannu a dokar hukumar kula da manyan sakandare ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu domin cike wannan giɓi, kuma ina cikin masu fatan alheri gare ta. Sai dai manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a na masu kimiyya ne, alhali matakin da zai samar da su shi ne ya fi kowanne daɗewa ba shi da asusun kansa.

Saboda haka ne idon makarantu irin tamu yake kan tallafi. Akwai manya, irin na Bankin Duniya. Shirin STEP-B da aka fara a 2007 da dala miliyan 180 an yi shi ne musamman domin kimiyya da fasaha bayan matakin farko, amma cibiyoyin tarayya ya fi fuskanta. Shirin AGILE kuwa, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kano tana cikin jihohi bakwai da ya fara da su tare da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno da Filato da Ekiti, kuma a 2023 aka ƙara masa dala miliyan 700 ya bazu zuwa wasu jihohin. Wani sashe na kuɗinsa yana bi ta hannun kwamitin makaranta na al'umma domin gyare-gyare. Burinsa shi ne 'yan mata su shiga sakandare su kuma kammala, don haka ajujuwa da banɗaki da ruwa da kujeru su ne a gaba, kuma ban ga laifin haka ba, tunda yarinyar da ba ta da wurin zama ba za a yi mata zancen biyuret ba. Sannan akwai ƙanana, na gidauniyoyi da kamfanoni da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuma irin wannan ne ya taɓa faɗowa hannunmu.

A farkon 2023 wata gidauniya ta yi shelar cewa za ta tallafa wa makarantun cikin gari da kuɗin koyar da kimiyya a aikace. Ni da malamin fiziks da malamar bayoloji muka zauna mako biyu muna rubuta takardar nema. Da muka kai wa shugaban makaranta jerin abin da muke so, ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malam, mutane sun ce za su ba ku kuɗi, kai kuma ka rubuta musu jarkoki da sabulu da batir? Ina abin da za a nuna wa baƙi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin nuna wa baƙi yana nan cike da kabad tun kafin a kawo ni makarantar nan, ba a taɓa buɗe shi ba." Gaskiya na faɗa masa, kuma shi ma ya sani. A cikin kabad ɗin akwai madubin ganin ƙwayoyin halitta guda shida masu aiki da lantarki a ɗakin da ba shi da soket ko ɗaya mai rai, akwai sikelin zamani da aka kawo ba tare da wayarsa ba, akwai kwalaben sinadarai da takardar jikinsu ta goge har ba wanda ya isa ya rantse da abin da ke ciki. Duk wani ɗan kwangila ne ya sauke su a wani zamani, aka sa hannu, aka ɗauki hoto, aka kulle.

Ga lissafin da na yi wa shugaban a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, kuma shi ne zuciyar abin da nake son faɗa. Idan yaro ɗaya zai yi awon asid sau huɗu, kamar yadda ake so ya yi har alƙalumansa su daidaita, zai ci kusan mililita 100 na asid da wani 100 na ruwan kanwar soda. Idan yara 300 ne a ajin ƙarshe, darasi guda ya ci lita 30 na wannan da lita 30 na wancan. Asid ɗin kansa ba shi ne matsala ba, domin abin da bai kai mililita 300 ba na mai ƙarfi ya isa a sirka waɗannan lita 30 a irin ƙarfin da aka saba amfani da shi, wato kwalba ɗaya mai lita biyu da rabi za ta yi darasi takwas ko fiye. Abin da yake kayar da mu shi ne lita 60 na tataccen ruwa, ban da wanda za a yi wanke-wanke da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da gishirin ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa ɗiga sinadarin azurfa a cikinsa domin gwajin kulorayid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya ga yadda yake yin fari tun kafin a sa abin da ake son gwadawa. A cikin gari, inda famfo yake iya yin wata bai zo ba, ruwa ne sinadari mafi tsada a ɗakin gwaji, kuma shi ne wanda ban taɓa ganin gurbinsa a fom ɗin neman tallafi ba.

An zaɓe mu, alhamdu lillahi, amma da sharaɗi. Dokar gidauniyar ta ce kuɗin na kayan da za su dawwama ne, ba na abin da zai ƙare ba, kuma ba a biyan kowa alawus daga ciki. Na je ofishinsu na yi wa jami'ar da ke kula da mu bayani irin wanda na yi wa shugabana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, na fahimce ka sarai, amma mai binciken kuɗi idan ya zo abin da zai ƙirga yake nema. Madubi zai gan shi ya taɓa shi, asid ɗin da yara suka zubar a kwata kuwa ina zan nuna masa?" Ban ji haushinta ba, domin ita ma amana aka ba ta, kuma wanda ya san yadda kuɗin jama'a suke narkewa a ƙasar nan ba zai zargi mai bayarwa da yawan tsantseni ba. A ƙarshe ta yarda a ware ɗan kaso kaɗan na kayan da ke ƙarewa, bisa sharaɗin mu buɗe littafi mu riƙa rubuta abin da aka fitar, da ranar, da ajin da ya yi amfani da shi, da sa hannun shugaban ajin. Wannan littafin, wanda na karɓa a matsayin wahala, ya zama abu mafi amfani da tallafin ya bar mana.

Kafin kuɗin su iso kuma sai ƙasa ta juya. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kusan duk gilashin gwaji da sinadarai daga waje ake shigo da su, don haka farashin da muka rubuta ya zama tarihi tun kafin a sa hannu a cekin. Dole muka sake zama muka yanke jerin. Madubi biyu masu aiki da hasken rana muka saya maimakon biyar. Muka bar zancen injin tace ruwa mai lantarki, muka sayi manyan durorin roba masu murfi, muka sa mai walda ya gyara indararon rufin ɗakin gwaji domin mu tari ruwan sama bayan an yi ruwa biyu ko uku rufin ya wanku. Teburan awo da sandunan rataye biyuret kuwa wani kafinta da wani maƙerin unguwa ne suka yi mana su a kan abin da bai kai rabin kuɗin na kanti ba. Wannan ita ce falalar makarantar birni da ba a cika faɗa ba: tana fama da cunkoso da ƙarancin fili, ba ta da lambu ko kududdufin da malamar bayoloji za ta kai yara, amma mai walda da mai gyaran rediyo da mai sayar da ruwan batir duk suna bayan katangarta.

Cunkoson ne ya tura ni ga dabarar rage girman gwaji. A shekarun 1990 cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ta ƙera wani ɗan faranti na roba mai ƙananan ramuka, wanda ake yin gwajin kemistiri a cikinsa da ɗigo biyu ko uku maimakon cikin kwalba, kuma UNESCO ta yaɗa shi a ƙasashe da dama. Mu ba mu sami farantin ba, amma mun ɗauki tunanin. Fankon fakitin ƙwayar magani, idan aka wanke shi, ramukansa suna yin wannan aiki, kuma kwalbar maganin ciwon ido da ta ƙare tana ɗigo daidai gwargwado. Da haka yara huɗu a benci ɗaya cikin ajinsu na kullum suke iya gwada ƙarfe da tagulla da gubar dalma su ga launin da kowanne yake bayarwa, da sinadarin da bai cika cokali ba. Abin da a da nake yi ni kaɗai a gaban allo, na bayan aji suna miƙa wuya ba sa ganin komai, ya koma hannunsu.

Akwai kuma darasin zoɓo, wanda na fi so a duk shekara. Ruwan zoɓo ja ne, idan aka ɗiga masa lemon tsami ko tsamiya sai jan ya ƙara haske, idan aka sa masa jiƙaƙƙiyar kanwa ko ruwan toka sai ya juya ya yi kore mai duhu. Duk yarinyar da ta taɓa ganin an sa kanwa a miyar yakuwa domin a kashe tsami ta riga ta san rabin darasin tun daga madafin gidansu, sunan abin kawai ya rage a faɗa mata. Nakan kuma gaya musu cewa kalmar alkali da suke gani a littafi, wadda kullum take sa su dariya saboda ta yi kama da alƙalin kotu, daga Larabci Turawa suka aro ta, kuma asalinta tokar tsiro ce. Daga nan zance yakan kai mu marinar Ƙofar Mata, inda baba da toka da kanwa suke jiƙa a rami, a tsoma zane ya fito da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Babu littafin da ya bayyana aikin iskar oksijin da kyau kamar wannan zanen. Mun so mu kai yaran can, mu kuma kai su matatar ruwa ta Tamburawa su ga yadda alif yake kwantar da laka, amma kuɗin mota ba ya cikin abin da za a iya ƙirgawa, sai da ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin tafiya ɗaya.

Sai dai ina jin tsoron masu yabon irin wannan dabara fiye da kima. Na sha zama a taron bita inda wani babba zai tashi ya ce malami na ƙwarai ba ya buƙatar kayan aiki, da gwangwani da kara zai koyar da komai. Wannan magana tana da daɗin ji, kuma tana sauke nauyi daga kan wanda ya kamata ya fitar da kuɗi. Zoɓo yana nuna wa yaro cewa akwai asid akwai kishiyarsa, amma ba zai koya masa karanta biyuret zuwa lamba biyu bayan ɗigo ba, kuma ranar jarrabawa biyuret za a ajiye masa, da shi da ɗan makarantar kuɗi da ya saba da ita tun aji ɗaya, takarda ɗaya za a ba su.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kuɗi ba ne, tsoron fashewa ne. Tsohuwar al'adar makarantarmu ita ce duk abin da ya fashe malami ne zai biya, ko a bi yaro har gida. Da irin wannan doka, malamin da ya fi kowa hankali shi ne wanda bai taɓa buɗe kabad ba, domin ranar da masu duba kaya suka zo komai nasa cif yake. Na roƙi shugaban makaranta ya yarda mu sa shafin fashewa a cikin littafin nan, duk abin da ya fashe a bakin aiki a rubuta a wuce, ba tara ba duka. A zangon farko mun rasa fifet bakwai da biyuret biyu, shugaban ya kira ni ofis yana juya shafin yana girgiza kai. A zango na uku fifet ɗaya ce ta fashe, ita ma a hannuna. Hannun yaro sai ya fasa kafin ya iya riƙewa, kuma duk tallafin da bai sa kuɗin fashewa a lissafi ba ya yanke wa kayansa hukuncin zaman kabad.

Sauran abu biyu ba su da alaƙa da saye, kuma har yau ban shawo kansu ba. Na farko shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji. Namu ya yi ritaya ba a kawo madadinsa ba, don haka haɗa sinadarai da wanke kwalabe da jera su kafin darasi duk suna kaina, bayan darussan da nake da su a mako. Wasu ɗalibai shida da suka kafa ƙungiyar JETS, ta ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, a makarantar su ne suke zuwa da sassafe suna taya ni, kuma su ne suka fi kowa ƙwarewa a ƙarshe. Na biyu shi ne jadawali, domin minti arba'in ba ya isar a shiga, a raba kaya, a yi awo, a wanke a fita, sai an haɗa darasi biyu a jere, kuma samun haka a makarantar da wasu ke zuwa da safe wasu da rana sai da roƙo da musayar sa'o'i da malamin lissafi.

Idan ana wannan zance a Kano, dole wani ya ambaci Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, makarantun kimiyya da jihar ta buɗe a 1977, waɗanda likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa suka bi ta cikinsu. Mutane sukan danganta nasararsu ga zaɓen yara ta hanyar jarrabawa, kuma haka ne, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne an ba su hukuma tasu mai kasafinta, wadda kowace shekara ta san cewa sinadari yana ƙarewa kuma gilashi yana fashewa. Makarantun kwana ne a wajen gari, masu ɗaukar zaɓaɓɓu. Mafi yawan yaran da suke rubuta kemistiri a jihar nan kuwa suna makarantun jeka-ka-dawo ne irin tawa, a tsakiyar unguwanni, inda ba a tace kowa ba.

Da wa'adin tallafin ya cika, gidauniyar ta aiko da fom ɗin rahoto tana neman hotuna, da rasit, da adadin ɗaliban da suka amfana. Na cike duka, sannan na haɗa da kwafin littafinmu ba tare da an tambaye ni ba, shafi bayan shafi, inda kowane aji ya sa hannu cewa ranar kaza ya yi awo, ranar kaza ya gwada gishiri, ranar kaza ya duba fatar albasa a madubi. 'Yan ajin ƙarshe na wannan shekarar sun riƙe biyuret sau tara kafin ranar jarrabawa. Jami'ar ta kira ni a waya ta ce za ta nuna wa shugabanninta littafin idan an zo tsara zagaye na gaba, ta kuma tambaye ni abin da ya rage a sito. Na duba na faɗa mata: asid zai kai mu ƙarshen zango na biyu, sinadarin azurfa ya ƙare tun watan jiya, duro uku daga cikin biyar babu ruwa, kuma damina saura wata huɗu.